'Yata ta daina jin magana, duka kuma bai yi aiki ba: me zan yi?

Tambayar ta fito daga wani uba a Garwa ta Kamaru, dattijo a majami'arsu. 'Yarsa ta fari tana da shekara 15, tana ajin da za a zauna BEPC, jarrabawar kammala ƙaramar sakandare, bana. Tun hutun Kirsimeti ta canza: ba ta fitowa addu'ar safe sai an yi tsawa, tana mayar wa uwarta magana, ranar Laraba ba ta dawowa sai gab da magariba, makinta ya faɗo daga 13 zuwa 9 cikin 20, sannan an ga waya a jakarta wadda ba shi ya saya ba. Ya doke ta sau biyu, a na biyun ta kwana gidan ƙawarta. Wasu dattawa sun ce a kai ta ƙauye wurin kakarta, wasu sun ce a sa ta horo a gaban ikkilisiya.

Ɗan'uwa, sannu da ɗawainiya, Ubangiji ya ƙarfafa ka. Kafin komai ka ajiye bulala. Ba don laifinta ƙarami ne ba, sai don abin da dukan ya riga ya nuna maka: na farko bai gyara komai ba, na biyu ya koya mata kwana a waje. Na uku zai iya kai ta inda ba ka sani ba, kuma mai yiwuwa hannun wanda ya saya mata wayar nan. A yanzu ba ka da abin da ya fi wannan daraja: yarinya tana kwana a gidanka, kuma akwai wani babba a cikin dangi da za ta iya gaya wa gaskiya. Duk matakin da zai raba ka da waɗannan biyun, ko daga bakin wa shawarar ta fito, ka bar shi.

Abubuwan da ka lissafa ba nauyinsu ɗaya ba, kuma iyaye da yawa suna ɓata ƙarfinsu a kan marasa nauyin. Nauyin jiki da asuba, kumbure-kumbure, mayar da magana, son zama ita kaɗai a ɗaki, waɗannan na shekarun ne. Lokacin balaga agogon barci yana ja baya da kamar awa biyu, yarinyar da a da take barci ƙarfe tara yanzu idonta biyu har sha ɗaya, alhali jikinta yana bukatar awa 8 zuwa 10. In an tashe ta ƙarfe biyar don addu'a, ta yi shara da ɗiban ruwa, ta kama hanyar makaranta kafin bakwai da rabi, to ba lalle ƙin Allah ne ka gani a fuskarta ba, barci ne. Haka kuma sashen gaba na ƙwaƙwalwa, mai taka wa mutum burki ya auna abin da zai biyo baya, ba ya gama nuna sai wajen shekara 25. Shi ya sa za ka ga yarinya mai hankali ta yi abin da ita kanta bayan awa ɗaya ba za ta iya faɗin dalilinsa ba. Wannan ba hujjar rashin kunya ba ce, za a gyara, amma ba shi ne gobarar ba.

Inda hankalinka ya kamata ya tsaya wuri uku ne: wayar da ba a san mai ita ba, awannin Laraba, da maki huɗu da suka zube a zango ɗaya. Ranar Laraba ana tashi makaranta da tsakar rana, ke nan akwai awa biyar ko shida da ba wanda ya san inda take. Canjin da ya zo kwatsam, har ana iya cewa daga wata kaza ya fara, yawanci yana da sanadi. Ko wani namiji ne ya shigo rayuwarta, ko ƙawaye sun sa ta a ƙwaya, ko wani ya cuce ta ta rasa wanda za ta gaya wa, ko ciwon damuwa ne, ko kuma wata bukata ce da kunya ta hana ta faɗa. Kowanne da maganinsa, kuma ba ko ɗaya da duka yake warkarwa.

Ka fara da makaranta, a cikin makon nan, ba tare da ka sanar da ita a gaban ƙannenta ba. Ka nemi malamin da ke kula da ɗa'ar ɗalibai ya buɗe maka littafin kiran suna: awa nawa ta yi fashi, waɗanne ranaku, darasin wa. Fashin da ya taru a kan darasin malami ɗaya magana ce dabam da fashin da ya taru a kan ranar kasuwa. Ka duba takardar sakamako darasi-darasi. In duka suka faɗi tare, matsalar daga waje take ko daga lafiya. In ɗaya ko biyu ne, ka bincika abin da ke tsakaninta da malamin. Ka tambaya ko da gaske akwai darasin ƙari ranar Laraba, a ina, wa ke koyarwa, ƙarfe nawa ake tashi. Yawancin manyan makarantun gwamnati suna da malamin ba da shawara, ka zauna da shi. Ka kuma lura da lokutan atisayen fareti na bikin matasa na 11 ga Fabrairu da na bikin ƙasa na 20 ga Mayu, domin a makonnin nan ne yara suka fi samun hanyar cewa "muna makaranta".

A gida kuma ka sa ido ba tare da bincike irin na 'yan sanda ba. Tramol ya yi yawa a garuruwanmu, ba 'yan babur kaɗai ke sha ba, har ɗalibai mata. Alamarsa: ƙwayar ido ta ƙanƙance, gumi ba dalili, ƙaiƙayi, rashin cin abinci, wani lokaci ƙarfin aiki fiye da kima sannan barci mai nauyi, in an sha da yawa kuma faɗuwa da jijjiga kamar farfaɗiya. Ciwon damuwa a wurin matasa sau da yawa ba da kuka yake zuwa ba, da fushi yake zuwa: in mako biyu ko fiye ta bar abin da take so a da, kamar waƙa a majami'a, barci da cin abinci sun rikice, tana cewa ba ta da amfani, to asibiti za a je. Ka ce uwarta ta duba cikin fatar idonta da tafin hannunta. Yarinyar da ke zubar da jini da yawa a al'ada takan yi ƙarancin jini, ga kasala, ga jiri, ga rashin riƙe karatu, a ce lalaci ne. Gwajin jini ɗaya a asibiti yana raba gardama.

Sai maganar zama da ita, kuma na san nan ne wahalar take. 'Yar fari ce. A al'adar da muka tashi a ciki uba ko sunan 'yar fari ba ya kamawa, balle hira. Kunyar nan tana da kyau, amma ta bar 'ya'ya mata da yawa ba su san muryar ubansu ba sai ranar faɗa. Ba na ce ka zubar da ita ba. Maganar al'ada, da jiki, da abin da ya shiga tsakaninta da namiji, ka bar wa goggonta ko innarta ko wata mace mai riƙon asiri a zumuntar mata, wadda yarinyar da kanta ta yarda da ita. Ka tambaye ta wa take so, kada ka zaɓa mata matar fasto don kawai matar fasto ce. Amma akwai maganar da ba mai iya yi sai kai.

Kada ka kira ta tsakar gida bayan tuwon dare, ƙanne suna leƙe, ta durƙusa kai a ƙasa kai kana kan kujera. A wannan zaman ba abin da za ka samu sai "to Baba" da "ba komai". Ka nemi aikin da za ku yi gefe da gefe, ido ba ya cikin ido: ka ce ta raka ka kasuwa, ko ku zauna ɓarar gyaɗa, ko ka kai ta makaranta da kanka. Ka fara da naka: "Na doke ki cikin fushi, ban kyauta ba, ba zan sake ɗaga miki hannu ba. Abin da kika yi yana nan, za mu yi maganarsa, amma yau so nake in ji abin da ke damunki." Wannan ba ya rage maka girma. Yarinyar da ta ga ubanta ya faɗi laifinsa a gabanta ta ga yadda ake tuba, abin da wa'azi goma ba zai nuna mata ba. Bayan haka ka yi shiru. Shirun zai yi tsawo, zai yi maka nauyi, kada ka cika shi da nasiha. Minti ashirin ya isa. In ba ta ce komai ba, ka ce "to, ranar Asabar ma za ki raka ni". Sau da yawa sai a zama na uku ko na huɗu bakin ke buɗewa. In ya buɗe kuma ka ji abin da ya girgiza ka, ka riƙe fuskarka, domin da kaɗan take fara gwada ka ta ga ko za ka iya ɗaukar babban. Yakubu 1:19 ya jera su yadda suke: saurin ji, jinkirin magana, jinkirin fushi.

Wayar kada ka fasa ta, kada ka jefa ta a masai. In akwai wanda ke cutar 'yarka, shaidar tana ciki. Ka gaya mata a fili cewa wayar za ta zauna a hannunka har ka san inda ta fito, kuma ku buɗe ta tare, ita da kai da matar da ta zaɓa. Abin dubawa ba saƙonnin WhatsApp kaɗai ba ne, har saƙonnin shigowar kuɗi na Orange Money ko MTN: wa ke turowa, nawa, sau nawa. In yaro ne sa'anta, abin ya zo da sauƙi, magana ce ta iyaye da iyaye da kafa iyaka. In babban mutum ne, ko ɗan kasuwa, ko malami, ko mai kaki, ko ɗan majami'arku, ko ma ɗan dangi, to 'yarka ba abokiyar laifi ba ce, farautarta aka yi. Addininsa ko ƙabilarsa ba shi ne zancen ba, shekarunsa ne. Dokar hukunta laifuka ta Kamaru ta 2016, sashe na 346, ta tanadi ɗaurin shekara 10 zuwa 15 ga wanda ya kwana da yarinyar da ba ta kai 16 ba, ko da ta yarda. Za a zo maka da sulhu, a ce a rufa asiri ya aure ta. Sashe na 356 na wannan dokar ya haramta aurar da wanda bai kai 18 ba, kuma mai aurarwar ne ake kamawa. Cadi ma ta kafa irin wannan doka tun 2015. Ban da doka ma, miƙa yarinya ga wanda ya cuce ta ba rufin asiri ba ne.

In ta bayyana an taɓa ta, lokaci yana da muhimmanci ƙwarai. Maganin kariya daga cutar sida yana aiki ne in an fara shi cikin awa 72, a sha kwana 28. A je asibiti a ranar, a yi gwaje-gwaje, a karɓi takardar likita, sannan a yi maganar ƙara. Ofishin jin daɗin jama'a na gundumarku da ofishin ma'aikatar kula da mata da iyali suna karɓar irin wannan, a Marwa kuma akwai ALVF, ƙungiyar yaƙi da cin zarafin mata, da ta daɗe tana wannan aiki. In ciki ne ya fito, ka sani ba ƙarshen karatu ba ne: tun Afrilun 2022 ma'aikatar ilimin sakandare ta ba da umarnin a bar ɗaliba mai ciki ta ci gaba da zuwa aji har mako na 26, ta koma bayan haihuwa. Yarinyar da ta tabbata za a kore ta daga gida ita ce ke zuwa wurin masu zubar da ciki a ɓoye, ta sha abin da zai kashe ta. Ka sa uwarta ta gaya mata tun yanzu, kafin a san komai, cewa ko mene ne ya faru gidan nan gidanta ne. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

Ka karanta 2 Sama'ila 13. Da Dawuda ya ji abin da Amnon ya yi wa Tamar ya husata ƙwarai, amma bai yi komai ba, Tamar ta ƙare a gidan Absalom a wulaƙance, gidan Dawuda kuma bai sake zama lafiya ba. Fushin uba da ba ya tsaya wa 'yarsa ba ya amfanar kowa.

Akwai wani abu ƙarami da ke jawo babba: kuɗi. Budurwa tana bukatar audugar mata kowane wata, da sabulu, da man shafawa, da rigar ciki, da kuɗin babur, da abin taɓawa a makaranta, kuma ba za ta taɓa buɗe baki ta ce "Baba, ba ni kuɗin auduga" ba. In ba ta samu a gida ba, akwai mai jira a waje ya ba ta. Ka zauna da uwarta ku lissafa abin da waɗannan ke ci a wata, ka ware shi dabam da kuɗin cefane, a riƙa ba ta duk mako a rana ɗaya, ba sai ta roƙa ba. Kuma kada ka taɓa yanke wannan kuɗin a matsayin horo. In da hali, ka saya mata ƙaramar waya da layi da sunanka, domin in ka karɓe waccan ka bar ta hannu wofi, wata za ta shigo, wannan karon a ɓoye ta gidan ƙawa.

Dokokin gida kada su wuce huɗu, ku tsara su kai da uwarta tukuna, sannan a zauna da yarinyar ta faɗi nata. Misali: ƙarfe nawa za ta kasance a gida ranar makaranta da ranar Laraba, duk inda za ta a san wurin da wanda take tare da shi, waya tana kwana a ɗakin iyaye daga ƙarfe tara, ba zagi ba ɗaga murya, daga kowane ɓangare. Kowace doka da abin da zai biyo bayan karya ta, sananne tun farko, gajere, mai ranar ƙarewa: ta makara ranar Laraba, Laraba mai zuwa ba fita, ta ɓoye waya, kwana uku babu waya. Horon "har sai na ga kin canza" ba shi da amfani, domin wadda ba ta ga ranar fita ba ba ta da dalilin ƙoƙari. Ka bar mata abin da za ta yanke da kanta, kamar kitso, da zanen da za ta ɗaura cikin iyakar mutunci, da lokacin da za ta yi aikin gidanta. In ta cika mako uku tana kiyayewa, ka ƙara mata wani 'yanci, ka kuma faɗa da bakinka cewa ka gani.

Inda wannan tsari ya fi lalacewa wuri uku ne. Makonni biyun farko abin yakan ƙara tsanani, tana gwada ko da gaske ne, sai uba ya ce bai yi aiki ba ya koma bulala. Ko uwa ta riƙa ɓoye laifi don tana tsoron dukan, uba ya gano ya haɗa su biyu ya yi faɗa. In ka daina dukan, ɓoyon ma zai ragu. Ko kuma a riƙa gwada ta da ƙanwarta ko 'yar maƙwabta, abin da ba ya haifar da komai sai gaba tsakanin 'yan'uwa.

Game da addu'ar gida, ka mayar da ita yamma in zai yiwu, minti goma ko sha biyar, ka ba ta karatun nassi ko zaɓen waƙa. Ka kiyaye abu ɗaya da iyaye masu ibada suke yawan yi: faɗa a cikin addu'a. "Ya Ubangiji ka karya taurin kan wadda ke cikinmu" a gaban ƙannenta ba addu'a ba ce, tonon silili ne, kuma yana sa yarinya ta haɗa Allah da wulaƙanci a zuciyarta. Ka yi mata addu'a a ɗakinka yadda kake so, a gabanta kuwa ka gode wa Allah dominta da sunanta. In ta yi tambaya mai nauyi a kan bangaskiya, kada ka firgita, bangaskiyar gado ce take ƙoƙarin zama tata. Masu kawo maka Karin Magana 13:24 a kan sanda, ka tuna musu Afisawa 6 ba ta tsaya a aya ta 1, mai cewa 'ya'ya su yi wa iyaye biyayya, ba. Aya ta 4 da ubanni take, kada su tsokani 'ya'yansu su yi fushi, Kolosiyawa 3:21 kuma ta faɗi sakamakon, wato karayar zuciya. In wani ya ce aljani ne a kai ta azumi da addu'ar kwana, ka yi addu'a, amma jijjigar tramol da ciwon damuwa likita suke bukata, kada ɗaya ya hana ɗaya.

Horo a gaban ikkilisiya ban goyi bayansa ba a wannan hali. Matiyu 18:15 ya fara ne da kai da mai laifin kaɗai, kuma har yanzu ba a ma san abin da ya faru ba. Yarinyar da aka tsayar a gaban jama'a tana da shekara 15 takan bar majami'a da zarar ta samu iko, mutumin da ya saya mata waya kuwa yana zaune ba wanda ya kira sunansa. Na san abin da ke cin ka a matsayinka na dattijo, 1 Timoti 3 da maganar iya riƙon gida, da idon mutane ranar Lahadi. Ka je wurin fasto kai kaɗai, ka gaya masa kana kan lamarin kuma kana roƙon a ba ka wata uku ba tare da an kai maganar zaman dattawa ba. In yarinya ta fahimci sunanka kake karewa ba ita ba, ba za ta sake gaya maka komai ba.

Ƙauye kuma yana da amfani a hali ɗaya: in akwai mutumin da ke bibiyarta har ba a iya tsare ta a gari, kuma can akwai makaranta da babba mai ƙarfin kula da ita. In ba haka ba, cire ta daga aji watanni kaɗan kafin BEPC asarar shekara ce, kakar da ta tsufa ba za ta iya abin da ku biyu kuka kasa ba, ita kuma za ta ɗauka an yar da ita.

Abu ɗaya ba ya jiran mako. In ta ce gara ta mutu, ko ta fara rarraba kayanta, ko aka ga yanka a hannunta, kada a ce barazana ce. A tambaye ta kai tsaye ko tana tunanin kashe kanta. Tambayar ba ta sa wa mutum tunanin, sauƙi take kawowa. A kwashe maganin feshin auduga, da maganin ɓera, da ƙwayoyin asibiti a kulle ko a fitar da su daga gidan a ranar, kada a bar ta ita kaɗai, a kai ta babban asibiti.

Ka ba wannan tsari mako shida kafin ka auna shi, kuma kada ka auna da fara'a ko durƙuso. Ka duba ko tana kwana gida kullum, ko fashin makaranta ya ragu a littafin kiran suna, ko tana ci tana barci, ko akwai babba ɗaya da take gaya wa maganarta. In uku cikin huɗun nan sun samu, ku ci gaba a haka ko da bakin bai gama laushi ba. In ba ko ɗaya, ko ta sake kwana a waje, ku tafi ofishin jin daɗin jama'a ku uku, kai da uwarta da ita, ku nemi a haɗa ku da ma'aikacin da zai riƙa zama da ku, ku kuma nemi likita ya duba ta a wannan makon.